Yadda ake daidaita ma'ajiyar aikawa a soket ɗin Bluetooth

Idan kana tura umarni daga kwamfuta mai Linux zuwa HC-05 (ƙaramar na'urar Bluetooth da ake haɗawa da abin da ake sarrafawa, kamar 'yar mota) ta RFCOMM (tsarin Bluetooth mai kwaikwayon wayar serial), dawowar write() ba ta nufin saƙo ya isa. An dai karɓa an jera shi a ma'ajiyar aikawa ta soket (ƙofar da manhajarka ke tura saƙo ta cikinta), wadda a soket ɗin RFCOMM na Linux bait 50800 ce. Shi kuwa HC-05, yadda yake fitowa daga kwali, baud 9600 yake gudu, wato wajen bait 960 a daƙiƙa. Idan bait 50,000 suka taru, umarnin "tsaya" da ka aika wa 'yar motarka zai yi kusan minti ɗaya a layi. Kafin nan ta daki bango.

Shi ya sa ni, a duk aikin sarrafa na'ura, rage ma'ajiyar nake yi. Da zarar na buɗe soket, kafin connect(), sai in sa:

int girma = 4096;
setsockopt(s, SOL_SOCKET, SO_SNDBUF, &girma, sizeof(girma));

Sai ka duba da getsockopt. Za ka ga 8192, kada ka ce wani abu ya lalace. Linux ninka adadin yake yi, don nasa lissafin na cikin gida ma a nan yake cin wuri. In ka matse ƙwarai, zai ɗaga shi zuwa mafi ƙanƙantar abin da ya yarda da shi.

Ragewar kaɗai ba ta gama aiki ba, domin yanzu write() za ta riƙa tsayawa da wuri. Sa wa soket O_NONBLOCK don kada write() ta tsaya jira, ka jira POLLOUT (alamar an samu wuri a ma'ajiya) da poll(). Idan EAGAIN ta fito, wato ma'ajiya ta cika, kada ka tara saƙonni a naka ɓangaren, ai layin ka sake ginawa. Yar da tsohon umarni, riƙe na ƙarshe.

Tura fayil daban ne: bar ma'ajiyar yadda take. Mai son ƙari ya leƙa /proc/sys/net/core/wmem_max, don abin da ya wuce shi datse shi ake yi shiru, sai fa ga mai izinin CAP_NET_ADMIN da ya yi amfani da SO_SNDBUFFORCE. Sai dai ban ga ribar ba, tunda rediyon ba zai ƙara sauri ba.

Masu amfani da L2CAP (tsarin da RFCOMM ke gudana a kansa) kuma su kula da MTU, wato iyakar girman saƙo ɗaya, wanda asalinsa bait 672 ne. A yanayin aiki na asali, saƙon da ya fi MTU ɗin da ɗaya ɓangaren ya amince da shi kuskuren EMSGSIZE zai jawo, komai girman ma'ajiya.