Iyaye masu yara a SS3, a duba NIN tun yanzu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Duk mai yaro ko ƙane da zai zana JAMB bana, don Allah kar a jira sai an buɗe rajista, a zauna yau ɗin nan a ɗauko takardar NIN ɗinsa a haɗa da abin da makaranta ta rubuta mishi na WAEC ko NECO, suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya harafi da harafi. Ƙanwata bara Hauwa'u a wata takarda, Hauwa a wata, wallahi sai da muka yi ta zarya Birnin Kebbi daga Argungu, kuɗin mota kaɗai sun ishe mu.

Layin wayar da za a nemi profile code (lambar da JAMB ke turowa don fara rajista) da shi ya zama na yaron ne, kar a ari na mai shago, don da shi za a ci gaba da komai.

Sai darussa. JAMB huɗu ne, Turanci dole, mai son likitanci sai ya ƙara Physics, Chemistry da Biology. A tambayi yaron me yake so tun kafin a je wurin rajista, ba a bar mai kwamfuta ya zaɓa mishi ba. Kuma ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, in sakamako ya fito a ɗora shi a CAPS, wato shafin JAMB na ba da admishan, da yawa nan suke rasa admishan.

Kuma Baba, Inna, a fara tara ɗan abin rajista tun lokacin kaka, ko buhun shinkafa biyu a ware. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Aliero duk suna kusa, ga Waziri Umaru ga mai son foli.