Yadda ake shan Levothyrox ga mai fama da ƙwannafi

Na daɗe ina tsayuwa a kantin magani a nan Garwa, kuma kuskure ɗaya ne nake ta gani. An yi wa baiwar Allah aikin maƙoƙo, likita ya ɗora ta a kan Levothyrox, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da ƙullin maƙogwaro (thyroid) ke samarwa, ba ta taɓa fashin sha ba, amma kasala ta ƙi sakinta, ga jin sanyi ana tsakiyar zafin Afrilu. Da na tambaya sai ta ce: "Ɗana, da asuba nake haɗa shi da cokalin Maalox, don cikina." Nan gizo ke saƙa.

Da farko, ki ajiye ƙwayar kusa da sallayarki. Kina idar da sallar asuba ki haɗiye ta da ruwa zalla, ciki babu komai. Shayi, kofi, kunu da madara su jira minti 30, ni dai awa ɗaya nake cewa.

Sai babban wurin, wato tazara. Maalox da Gaviscon magungunan ƙwannafi ne: Maalox na ɗauke da alminiyam da magniziyam, Gaviscon kuma akwai kalsiyam a cikinsa. Waɗannan suna kama maganin a hanji su fita da shi, jini bai samu ba. Awa 4 cif za ki bari tsakani: kin sha ƙwaya ƙarfe 5, Maalox sai ƙarfe 9. Haka Smecta, maganin gudawa, haka maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki wurin awo, haka farar ƙasar da wasu ke ɗan tsotsa. Jiƙon kanwa ma a layin nan nake sa shi, duk arharsa, domin yana kashe tsamin ciki, ƙwayar kuwa tana son tsamin nan kafin ta narke.

Omeprazole, maganin rage tsamin ciki, daban ne. Aikinsa na kwana a jiki, tazara ba ta wadatarwa. Kada ki yanke shi da kanki, kada ki ƙara Levothyrox da kanki. Ki gaya wa likita, a yi awon TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko maganin ya wadatar, bayan mako 6 zuwa 8. Na san kuɗin awon da ciwo, amma ya fi asarar ƙwayar wata da watanni.

In safiya ba ta yi miki ba, ko lokacin azumi, ki nemi izinin likita ki koma shan ta da dare, awa 3 bayan tuwo.