Ziyarar Tsohon Aboki a Ingila a Watan Oktoba: Inda Mutanenmu Ke Tuntuɓe

Da zarar damina ta ɗauke sai ka ji wani na shirin leƙa abokin karatunsa a Landan ko Manchesta na mako ɗaya ko biyu, kuma kullum kurakuran nan dai ake maimaitawa.

Babbansu takardar banki. Mutum albashinsa sananne ne, asusunsa kullum a bushe, amma ana saura kwana uku ya cike fom ɗin neman biza sai ga miliyoyi sun faɗo daga wajen wani kawu. Jami'in biza ba yaro ba ne. Abin da yake dubawa shi ne ko kuɗin da ke shigo maka wata-wata sun yi daidai da abin da ka rubuta, da kuma abin da zai dawo da kai gida: aiki, iyali, kasuwa. Ka miƙa bayanin asusunka na wata 6 yadda yake. Duk kuɗi mai kauri da ya shigo ka haɗa da shaidarsa, ko ta sayar da fili ce ko ta hatsi. In abokin ne zai sauke ka, ya rubuto wasiƙar gayyata da adireshinsa da shaidar izinin zamansa. Masu "gyaran takardu" kuwa ka yi nesa da su, don takardar bogi na iya jawo maka haramcin shiga na shekara 10. Ana karɓar buƙatar biza tun wata 3 kafin tafiya, amsa kan ɗauki kamar mako 3, saboda haka kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito.

Sai kilishi. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? A naɗe shi a takarda, a sa a leda, a cusa cikin babbar riga a ƙasan akwati, wai ba za a gani ba. Nama da duk dangin madara daga Najeriya ba sa shiga Birtaniya a jakar matafiyi: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku. Ƙwacewa ake yi a lalata, in ka ɓoye kuma kana iya fuskantar hukunci. Abokin da ya ce "ka taho min da shi, ba komai" ba shi zai tsaya gaban kwastan ba. An yarda da busasshen kifi har kilo 20, zuma har kilo 2. Ka ƙara da yaji da hula mai kyau, tsaraba ta haɗu.

Wani abin haushin shi ne sauka babu shiri da mai masauki. Hutun aiki a can ƙidayayye ne, sai an nema tun da wuri. Ku tsayar da ranaku kafin ka sayi tikiti, ka kuma tambaya ko akwai ɗakin baƙo. Makon ƙarshen Oktoba yawanci yara na hutun tsakiyar zango, gida cike yake.

Sanyin ba irin na hunturunmu ba ne, jiƙaƙƙe ne mai iska da yayyafi. Shadda kaɗai ba ta isa: singileti mai dogon hannu, suwaita, sai jaket da ruwa ba ya ratsawa, da takalmi sau-ciki. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan Najeriya ta wuce su da awa guda, magariba kuma kafin ƙarfe 5 take yi. Mai jinkirta la'asar sai ya tarar rana ta faɗi.

Ka duba fam ɗin da ɗan canji ya ba ka: tsofaffin takardun 20 da 50 sun daina aiki tun ƙarshen Satumba 2022, na roba ake karɓa. Bas a Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na Landan) ko na banki. Tikitin da ke yada zango a Faris ko Frankfurt na iya buƙatar bizar wucewa ga mai fasfon Najeriya, ka tabbatar kafin ka biya. Magani mai kodin ko tiramol, ka riƙe takardar likita. Kan caja kuwa kada ka ɓata kuɗi, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.