Yadda ake buɗe shafin sirri a burauzar waya, da iyakar abin da yake ɓoyewa

A gidaje da yawa na Garwa da Marwa waya ɗaya kan bi hannu uku ko huɗu kafin dare: ƙane ya ara ya duba Facebook, uwargida ta nemi wani abu, a kai ta shagon caji ta wuni a can. Domin irin wannan yanayin aka yi shafin sirri. Yana hana wayar ajiye tarihin shafukan da ka shiga, da abin da ka cike a fom, da kukis ɗin da ke sa shafi ya tuna da kai. Daga wanda zai riƙe wayar bayanka yake kare ka, ba daga kowa da kowa ba.

Tunda galibin wayoyinmu an saita su da Faransanci, ga sunayen yadda za ka gan su.

A Chrome, wadda ke zuwa da Tecno da Itel da Infinix, taɓa ɗigo ukun da ke sama ta dama, ka zaɓi «Nouvel onglet de navigation privée». Shafi mai duhu zai buɗe da hoton hula da tabarau. In ba ka ga hular ba, ba ka shiga ba, kada ka rubuta komai tukuna. A Firefox alamar abin rufe fuska ce a saman shafin farko. A Samsung Internet ka taɓa alamar shafuka a ƙasa, sai «Activer le mode Secret». A iPhone kuwa, cikin Safari, ka taɓa alamar shafuka ka koma ɓangaren «Privée». Opera Mini ma ta alamar shafuka ake shiga, a zaɓi «Privé».

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin fita. Danna maɓallin komawa fuskar waya ba ya rufe komai. Shafin yana nan a buɗe, asusunka na ciki, duk wanda ya buɗe Chrome kai tsaye zai faɗa cikin saƙonninka. Kukis ɗin ba sa gogewa sai an rufe shafukan sirri dukkansu. In ka buɗe uku ka rufe biyu, na ukun yana riƙe da komai. Saboda haka ka taɓa murabba'in da ke nuna adadin shafuka, ka rufe su ɗaya bayan ɗaya, ko ka jawo saman allo ka taɓa sanarwar Chrome mai cewa a rufe su duka.

In wayar taka ce, sa mata makulli. A cikin Chrome, taɓa ɗigo ukun ka shiga «Paramètres», sai «Confidentialité et sécurité», ka kunna «Verrouiller les onglets de navigation privée». Daga nan da zarar ka bar Chrome, shafin ba zai sake buɗewa ba sai da yatsanka ko lambar waya. Wannan yana buƙatar Android 11 ko sama da haka, kuma dole a ce wayar tana da makullin allo. Safari ta samu irinsa tun iOS 17 a 2023.

Akwai abubuwan da ke tsira ko da ka rufe. Hoto ko bidiyo ko takardar da ka sauke suna nan a «Téléchargements», sai ka bi su ka goge da hannu. Shafin da ka yi wa alamar tauraro ma yana nan. Gboard, allon rubutu na Google, yana daina koyon kalmominka a shafin sirri, amma ba kowane allon rubutu ke yin haka ba, wani zai riƙa kawo wa mai wayar kalmar da ka rubuta jiya.

Sannan MTN da Orange da Camtel, ko Airtel da Moov ga wanda ya ƙetara gada daga Kusiri zuwa Injamena, suna iya ganin sunan shafin da ka ziyarta. Haka ma mai wayfai na otal ko na makaranta. In ka shiga asusunka na Google ko Facebook, ai ka faɗi sunanka da bakinka. Ruɗanin abin da shafin sirri ke ɓoyewa har kotu ya kai a Amurka, inda a 2024 Google ya amince ya goge ɗimbin bayanan da ya tara daga masu amfani da shafin sirri, ya kuma gyara bayanin da ke fitowa a farkonsa. Kuma ka sani shafin sirri yana ɗan ƙara cin mega, don kowane buɗewa sai an sake sauko da hotunan shafi daga farko.

In ka riga ka yi bincikenka a shafi na yau da kullum kafin ka tuna, fara fita daga asusunka, sannan a Chrome ka taɓa ɗigo ukun ka zaɓi «Supprimer les données de navigation». Tsaya a kan minti 15 ko awa ɗaya na ƙarshe. In ka zaɓi duk lokaci a wayar aro, za ka fitar da mai ita daga asusunansa, kuma mai yiwuwa bai haddace kalmomin sirrinsa ba.