Yadda za ka riƙe ciwon sukari ba tare da ka bar tuwo ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 masu ciwon sukari miliyan 200 ne, zuwa 2022 sun kai miliyan 830. Fiye da kashi 90 cikin ɗari nau'i na biyu gare su, wanda jiki ke daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. A Damagaram ma ya shigo gidajenmu, kuma sababbin kamu kusan duk rami ɗaya suke faɗawa.

Fara da awo. Fitsarin dare da yawan ƙishirwa alama ce kawai. Ka je asibiti da safe, awa 8 ba ka sa komai a baki ba sai ruwa. In awon jini ya nuna sukari giram 1.26 a lita ko fiye, aka sake wata rana ya maimaita, to ciwon ne.

Sai abinci, kuma nan ake shan kaye. Mutum ya dawo a firgice, ya haramta wa kansa tuwo, ya yini da yunwa. Amma da la'asar yana fada, butar shayi a kan gawayi, na farko, na biyu, na uku, kowanne sukari har yana danƙo a leɓe. Ga lemun kwalba wurin biki, ga fura da aka antaya wa sukari. Abin sha mai zaƙi shi ke harba sukarin jini nan take, domin ba ya jiran narkewa, don haka shi za a fara yankewa. Zuma ma sukari ce, kada wani ya ruɗe ka. Tuwon hatsi kuwa rage malmala za ka yi, ka cike gurbin da wake da kwaɗon zogale. Ni dai ban yarda da farar shinkafa da burodi kullum ba. Kuma ba sai ka nemi abincin kanti mai tsada ba, duk wannan yana nan kasuwar Dole.

Tafiya a ƙasa minti 30, kwana 5 a mako, bayan asuba tun rana ba ta buɗe ba. In wurin kusa ne, bar ɗan kabu-kabu ya wuce.

Magani, galibi da metformin likita ke farawa. A sha shi tare da abinci saboda murɗar ciki. Kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi, kada ka musanya shi da jiƙon ɗaci. Duba ƙafarka kowane dare har tsakanin yatsu, ban da yawo ba takalmi. Ido a auna shi sau ɗaya a shekara, hawan jini kuwa duk zuwa asibiti.