Raspberry Pi 4 ta ƙi tashi: yadda na gyara

Alhamdulillahi, 'yar kwamfutar da na saya don shagona a Tudun Wada, Gombe, ta tashi. Da na jona ta, jar fitila kawai ke kamawa, koriyar shiru, allo baƙi ƙirin.

Na zargi caja, na samo mai 5.1V da 3A. Na canza katin memori, na mayar da wayar allo ramin HDMI0 na kusa da ramin caja na USB-C. Duk a banza.

Sai na zare katin gaba ɗaya na kunna ta. Mai lafiya koriyarta kan riƙa ƙiftawa ko babu kati, tawa ko motsi. Ashe manhajar tashi (bootloader) da ke cikin EEPROM, wata 'yar ma'ajiya a jikin kwamfutar, ce ta lalace.

A wata kwamfutar na buɗe Raspberry Pi Imager, manhajar da ake rubuta wa katin memori manhaja da ita, na shiga Misc utility images, sannan Bootloader, na zaɓi SD Card Boot, na rubuta a wani katin daban. Na saka, na ba ta wuta, a wutar sola, don ɗauke wuta a tsakiyar aikin nan ba alheri ba ne. Bayan daƙiƙa 10 koriyar ta hau ƙiftawa da sauri, allo ya koma kore shar. Na kashe, na mayar da katin Raspberry Pi OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ta tashi garau.