Yadda Ake Tsara Ɗakuna Idan Iyali Sun Yi Yawa Gida Kuma Bai Ƙaru Ba

Gidan da amarya ta tare a cikinsa, ciki da falo, tana ta neman abin da za ta cike lungu da shi, shi ne bayan shekara goma sha biyu za ka shiga da dare ka rasa inda za ka sa ƙafa. Yara shida, ga ƙanin maigida da ya zo karatu, ga 'yar riƙo, wani lokacin ga Hajiya ta zo daga ƙauye ganin likita. Kowa sai ya ce Allah ya hore a yi gini. Amin. To amma kafin ya hore, yaran nan girma suke yi, kuma yarinyar da ta fara zama budurwa ba za ta jira a tara kuɗin bulo ba. Abin da na lura da shi a gidaje da yawa shi ne kaya sun samu wuri mai kyau sun miƙe ƙafa, mutane kuwa sun matsu. Gyaran wannan bai kai kuɗin gini ba, ga kuma yadda ake bi.

Mataki na farko: ƙirga mutanen gida yadda za su zama nan da shekara uku

Maigida da uwargida su zauna da takarda da biro, a rubuta sunan duk wanda ke kwana a gidan da shekarunsa, sannan a ƙara wa kowa shekara uku. Nan take za a ga abin da ido bai gani ba: mai shekara bakwai ya zama mai goma, mai goma sha ɗaya ta zama budurwa, wanda ke goye ya isa barin bayan uwa. Idan akwai juna biyu, a sa shi a lissafi. Tsarin da aka yi don daren yau kawai, baɗi war haka sai an sake shi.

Ma'aunin da za a bi kuwa addini ya riga ya ba mu. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, an umarce mu mu sa yara salla suna da shekara bakwai, idan sun kai goma kuma a raba musu makwanci. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wajen iyaye: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Yaron da ke kwana a ƙasan gadon iyayensa har ya yi wayo, ta yaya zai nemi wannan izini? Don haka abu biyu ne ba a sassauci a kansu: iyaye su samu ƙofar da suke rufewa, maza da mata da suka tasa kuma su rabu. Sauran duk ana iya lallaɓawa.

Mataki na biyu: a yi awo

A ari tef wajen tela ko kafinta, a auna kowane ɗaki, da falo, da baranda, da soro, da sito, har da lungun da ake jibge tsofaffin kaya. A zana su a takarda, a nuna inda ƙofa da taga suke. Yawancin ɗakunanmu ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, wato sha biyu sha biyu. Gado mai ƙafa 6 ta kowane gefe yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan ɗaki shi kaɗai, kafin a zo kan wadurob da madubi da durowar gefen gado.

Mataki na uku: a fitar da kaya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake samun saɓani, shi ya sa zan ɗan tsaya. Kayan ɗakin mace ba tarkace ba ne. Iyayenta ne suka yi shekaru suna tarawa, wani kwanon ma na kakarta ne, kuma dukiyarta ce, ba ta miji ba. Maigidan da ya shigo ya ce a kwashe wannan jere a zubar, ya ɓata aikin tun kafin a fara. Shawara ake yi, ita kuma za ta yanke.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kasa komai kashi uku. Abin da ake taɓawa kullum ya zauna kusa da hannu. Abin da sai biki ko suna ko salla ake fito da shi, kamar manyan kuloli da tukwane da farantan baƙi, a wanke a shanya, a jera a kwali ko adaka, a ɗaga shi sama. Abin da aka shekara biyu ba a nema ba, a sayar, ko a ba mai bukata, ko a ajiye wa 'yar da za a aurar idan yana da kyau. Kayan yara da suka yi musu kaɗan a ware su bisa shekaru, kowane kashi a jakarsa, a rubuta a jiki, don ƙannensu.

Kafinta zai iya buga kanta a saman bango, kamar ƙafa bakwai daga ƙasa, ta zagaye ɗaki. Wurin nan a banza yake a kusan kowane gida, alhali zai ɗauke akwatuna da barguna da jakunkunan da suka tare ƙasa. A tabbata an kafe ta da kyau, kada kuma a ɗora abu mai nauyi a saitin inda yaro ke kwana.

Sai maganar falo. Na sha shiga gidan da aka kulle falo mai manyan kujeru saboda baƙon da sai wata-wata yake zuwa, yara bakwai kuma suna kwana a ɗaki ɗaya kamar an jera itace. Wannan ba daidai ba ne. Baƙo awa biyu zai yi ya tafi. A rage kujerun, a bar doguwa ɗaya da ƙanana biyu, a shimfiɗa kafet ko leda, falon ya zama wurin zama da rana, wurin kwanan samari da dare.

Mataki na huɗu: a raba kwana

Jariri da mai shan nono suna ɗakin uwa. Da zarar an yaye yaro ya saba, ya koma wajen yayyensa. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara bakwai za su iya haɗuwa a ɗaki ɗaya maza da mata, amma daga nan a fara shirin rabuwa, kada a bari sai goma ta cika a yi abin a gaggauce.

'Yan mata su samu ɗakin da ya fi zama ciki, nesa da ƙofar gida, mai sakata, kusa da uwa. Samari su koma ta waje. Iyayenmu da suka gina soro da shago a bakin gida sun san abin da suke yi: saurayi yana da wurinsa, abokansa ba sa ratsa tsakar gida. Sai dai a riƙa leƙawa, a san wanda ke shiga da fita, kada kuma a tura ɗan shekara takwas ya kwana cikin manyan samari, ko 'yan uwa ne. Haka ma baƙo namiji, komai kusancinsa, ba a haɗa shi kwana da ƙananan yara.

A gidan da mace ta fi ɗaya, kowace da ɗakinta, wannan haƙƙinta ne. Yara kuwa a raba su bisa shekaru da jinsi, ba bisa ɗakin da suka fito ba, muddin iyayen sun amince. Kuma duk abin da aka saya wa ɗakin yara, katifa ko fanka ko gidan sauro, ya zama iri ɗaya. 'Yar riƙo da agola su samu irin makwancin da 'ya'yan gida suka samu. Yaro ba ya manta cewa shi ne aka bari a tabarma bakin ƙofa.

Idan ɗakunan ba su kai ba, a yanka falo. Falo mai ƙafa 12 da 16, idan aka cire masa ƙafa 7 da allon katako, an samu ƙaramin ɗaki kuma falon bai mutu ba. Sharaɗi dai ɓangaren da aka yanka ya kasance da taga. Masu haya su nemi izinin mai gida tukuna. Idan ya ƙi, a juya bayan wadurob ya zama bango, a ƙarasa da labule mai kauri.

Mataki na biyar: gado

Gado mai hawa biyu, irin na makarantar kwana, shi ne babban abokin mai iyali. Biyu daga cikinsa, kowanne mai katifa ƙafa 6 da 3, suna kwantar da yara huɗu, kowa shi kaɗai, a daidai filin da babban gado ɗaya ke ci. A jingina su da bango biyu masu fuskantar juna, tsakiya ta rage kusan ƙafa shida don salla da karatu.

Na fi son na ƙarfe, wanda mai walda zai yi, saboda kuɗin cizo ya fi samun maɓoya a katako. A gaya wa mai waldan ya sa kariya a hawan sama ta kowane gefe, ta ɗara saman katifa da aƙalla inci biyar, ya goge kaifin ƙarfen, tsanin kuma ya zama a manne. Yaron da bai kai shekara shida ba ba ya hawa sama, haka mai fitsarin kwance, shi a ba shi ƙasa, a sa leda a katifarsa, a kuma hana 'yan uwansa yi masa dariya. Fankar sama haɗari ce babba kusa da irin wannan gado. A cire ta a sa ta bango. A bar tazarar da yaro zai iya zama a sama ba tare da kansa ya taɓa silin ba.

Wanda bai da halin gado, katifun 'yan makaranta sun wadatar. A shimfiɗa da dare, da safe a jingine su ko a ɗora a kan juna, a riƙa fitar da su rana. Kowa dai da tasa, da mayafinsa.

Mataki na shida: iska

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci ga lafiya. Sanƙarau yana yaɗuwa ne a lokacin rani, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 a arewacin Najeriya ba su manta da ita ba. Tarin fuka da ƙyanda ma cunkoso suke so. Kowane ɗakin kwana ya samu taga, in da hali biyu a bango daban-daban, a sa musu raga, kada a toshe su da wadurob. Da bazara a yi amfani da tsakar gida ko baranda, a ɗaura gidan sauro a kwana a waje. Amma a tsara ɗakuna da lissafin damina da hunturu, lokacin da kowa zai dawo ciki.

Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, kada a kunna janareta a baranda ko kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Fiya-fiya kuma ba a zuba ta a ɗakin da yara za su kwana.

Abin da ya rage ƙanana ne, amma su ke hana faɗa da safe. Kowane yaro ya samu akwati ko kwando nasa a ƙarƙashin gado, da ƙusa biyu a bango, ɗaya ta kayan boko, ɗaya ta Islamiyya. Takalma su tsaya a kanta a bakin ƙofa. Tebur ɗaya da fitila mai caji a falo ya ishi masu jarrabawa. Tsohuwa ko tsoho a ba su ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, wanda ba shi da tudu a ƙofa. A kuma tanadi katifa ɗaya ta baƙi, a san tun yanzu ɗakin da za a ba 'yar da za ta dawo wankan gida ta yi kwana arba'in, da inda masu ɗakin za su koma kafin ta tafi.

In Allah ya hore kuɗin gini, a fara da banɗaki na biyu kafin ƙarin ɗaki, domin gidan mutum goma sha biyu da makewayi ɗaya ya fi wahala da asuba fiye da dare. Kada a cinye tsakar gida duka da ɗakuna, nan ne wurin shanya da girki da wasan yara da shan iska. Wanda kuma ke tunanin ɗora bene, ya kira injiniya ya duba tushen ginin tukuna, ya nemi izinin hukumar tsara birane ta jiharsa kafin a sauke bulo ko ɗaya.